Kawu Shitu Ba Ya Riga Baƙo Cire Hannu

Da na ga gumi yana ɗiga daga gemun Kawu Shitu, shi kuma bai fasa kai loma ba, a nan na san akwai matsala. Hannunsa na hagu yana cikin riga, dafe da ciki.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, manomin auduga a Mahuta. Shi ya riƙe ni tun ina shekara shida. Bai yi boko ba, amma duk hutun da na dawo daga jami'a sai ya sa ni in karanta masa rubutun jikin buhun taki, yana gyaɗa kai kamar ana masa wa'azi. Shekara goma yana fama da gyambon ciki. Matarsa, Inna Hansai, daban take masa miya, babu ko ƙwayar barkono.

Yana da wata ɗabi'a da duk Mahuta aka sani: ba ya riga baƙo cire hannu daga kwano. Ko ya ƙoshi, zai yi ta tsakura har baƙo ya yi hamdala, don kada kunya ta tashe shi da yunwa.

Ranar Litinin takardar ɗaukata aikin koyarwa ta fito, shi kuma ya kawo auduga Funtuwa. Na matsa sai ya ci abinci tare da abokaina biyu, Tajudeen da Obioma, a rumfar Mama Risikat, mahaifiyar Tajudeen. Shekara ashirin tana garin, girkinta ya zama nata ita kaɗai: tuwon shinkafa da miyar kuka, ta kwarara jar miyar Yarabawa a kai, ta bi da markaɗaɗɗen attaruhu da farfesun akuya irin na mutanen su Obioma. Direbobi suna ci suna hawaye suna neman ƙari.

Kawu ya ƙi faranti ɗai-ɗai. Ya ce, "A juye mana a kwano ɗaya."

Mama Risikat ta ce, "Baba, da yaji fa. In zubo maka kukar zalla?"

"Abin da yara za su ci shi zan ci, Hajiya."

Na buɗe baki, sai na ji nauyin faɗin ciwon babba a gaban abokai. Na sa hannu a kwanon.

Obioma yana shan ruwa yana tsokana: "Taju, dubi Baba ko tari bai yi ba, kai ɗan mai shago kana jan majina!" Aka yi dariya, har da Kawu. Na cire hannuna, na raɗa masa, "Kawu, ya isa haka."

Ya ce a hankali, "Kai ɗan gida ne, Abdussamad. Baƙinka ba su gama ba."

Na dubi Tajudeen. Loma ƙanana yake yi, yana satar kallon Kawu. Ban gane ba. Haka suka yi ta yi har kwanon ya ƙare.

Bayan la'asar Kawu ya durƙusa a bakin masallacin tasha, ya yi aman jini. A asibiti likita ya ce gyambon ya huje, aka shiga da shi ɗakin tiyata. A barandar asibitin Tajudeen ya gaya mini yana kuka cewa shi tuntuni ya ƙoshi, amma a gidansu yaro ba ya barin kwano babba yana ci. Jiran Kawu yake, Kawu yana jiransa. Ni kaɗai a wurin na san halin Kawu, kuma na san cikinsa.

Yau Laraba. Mama Risikat ta rufe rumfa, tana aiko kunu da safe, yana hucewa a ƙarƙashin benci. Inna Hansai tana zaune kusa da ni da carbinta, ba ta tambaye ni abin da ya ci ba. Kawu bai farfaɗo ba tukuna. An ce likita zai zagayo bayan azahar, shi muke jira.