Hagu a Kwanon Jama'a

Shekarar da sojoji suka koma bariki nake koyon aikin mayar da majinyata kan harkokinsu na yau da kullum, wato wanda ciwo ya kayar a sake koya masa wanka da sa riga da cin abinci. Malaminmu a ƙasar waje ya yi karatu, kuma bai bar kowa ya manta ba. Kullum sai ya maimaita mana cewa aikin ɗan'adam bai tsaya a sana'a ba, duk abin da mutum ke cika yininsa da shi aiki ne, don haka a saurari majinyaci kafin a taɓa shi. Magana mai daɗin ji. Ni dai ban taɓa ganin ya saurari kowa ba sai kansa.

Aka kawo mana wani Alhaji daga Ƙofar Sauri, tsohon mai sayar da hatsi a Babbar Kasuwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bai ɓoye buƙatarsa ba. Shi da abokansa kwano ɗaya suke ci a zaurensa tun suna samari, so yake ya koma cikinsu. Ya roƙa a yi aiki a kan daman, ko da loma ɗaya zai riƙa kaiwa baki.

Malam ya ce wannan doguwar hanya ce, ga hagu nan lafiya lau tana zaman banza. Gaggawarsa kuwa kowa ya san dalilinta: sababbin 'yan siyasa za su kawo ziyara, yana neman abin nunawa. Ya naɗa wa cokali tsumma don mariƙin ya yi kauri, ya sa mu muka yi ta horar da dattijon.

Ranar da suka zo, shadda tana ta ƙara, turare kamar an ɓarar da kwalba. Aka zaunar da Alhaji a tsakiya ya ci shinkafa da hagu, suka tafa masa kamar ɗan firamare. Da suka fita ya dubi Malam.

"Malam, wanga hannu za ni sa cikin kwanon mutane?"

Malam ya shiga yi masa wa'azi cewa addini ya yarda da lalura. Wai mutumin da ya tsufa a karatun zaure shi ake koya wa wannan! Ai ba halacci ya tambaya ba. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Aka sallame shi a matsayin wanda ya warke, muka amsa tambaya a kansa a jarrabawa, muka ci.

Daga baya aka tura ni duba shi a gida. Na tarar da abokansa a zaure sun kewaye tuwo. Suka ce Alhaji ya ce likita ya ware masa abincinsa daban, Allah dai ya ƙara sauƙi. Ba wanda ya ware masa komai.

Yana can ƙuryar ɗaki shi kaɗai, ya juya wa ƙofa baya, yana cin irin tuwon nan nasu da hagu, ko ɗigon miya ba ya zubarwa. Da ya ji sallamata sai ya ture kwanon, ya ce ya ƙoshi.