Tabon da Goggo Ke Nema

Jiya ina yi wa ɗiyata wanka na taɓa tabon riga-kafi a damtsenta, sai marigayiya Goggo ta faɗo mini a rai. Ita ke wanke gawar yara a Ƙofar Marusa. Ko a gidan suna aka miƙa mata jariri, sai ta laluba damtsensa da yatsu masu warin kafur.

Shekarar da soja suka sauka daga mulki, maƙwabcinmu ya kori masu allura. Ta same shi a zaure.

"Malam, bari a yi wa yaron nan naka. Na gaji da ƙaramin likkafani."

Ya ce Allah ke tsarewa.

Da ƙyanda ta ɗauke yaron, ita aka kira. Ina zuba mata ruwa na ga yatsanta ya koma damtsen. Babu tabo.

Goggo, Allah ya sa yaran da kika wanke su tarbe ki da gudu.