Layukan Fensirin Baba

Ƙarar cokali ce a jikin kofin shayi. 'Yata Hafsa, mai shekara bakwai, ta ƙwanƙwasa da wasa, ni kuwa na tsaya cak da tsintsiya a hannu. Shekara shida ke nan da rasuwar Baba, Allah Ya jiƙansa, amma sai na ji kamar zai ce, "Turmi na farko!"

Masu sauraron rediyo sun san shi da sharhin dambe. In ya ce "Ya kashe shi!" har mahauta sukan ajiye wuƙa. 'Yan jarida sun sha tambayarsa littafin da ya fi so, sai ya yi dariya ya kauce. Yau zan faɗa, don ban ga abin kunya a ciki ba: littafina ne na aji biyu. Baba bai iya karatun boko ba sai da ya haura arba'in, kuma ni na koya masa, bayan la'asar, ƙofa a rufe. Shi ke buga kofi mu fara. Duk kalmar da ta kayar da shi sai ya ja mata layi da fensir, ya ce gobe akwai ramuwa.

Littafin ya biyo ni a ƙasan akwati har Sentul, unguwar da muke zaune a ƙasar waje. Da kullen korona ya zo, maigida kaɗai ke zuwa cefane kasuwar Chow Kit, ni da Hafsa muna ɗaki. A nan na lura in na yi mata Hausa sai ta amsa da yaren ƙasar, "Boleh, Umma," wato "To, Umma." Ko gaida 'yan gida a waya gagararta yake yi. Me Baba zai ce, mutumin da harshe ne sana'arsa? Ina jin ba zai yi faɗa ba. Kofi zai nema.

Ranar da ta ƙwanƙwasa kofin na ɗauko littafin. Mun yi mako uku muna jan ƙafa. A shafi na tara wata kalma ta cije mata, ta ture shi tana hawaye. Sai ta ga layin fensir a ƙarƙashin kalmar. Na gaya mata wanda ya ja shi, da dalili.

Filayen dambe a rufe suke yanzu, faifan muryarsa ma ban san inda suka shiga ba. Abin da ya rage mana shi ne wuraren da ya faɗi ya tashi.

Hafsa ta share ido, ta buga kofi, ta ce da Hausarta mai tuntuɓe, "Umma, turmi na biyu. Zan rama wa Kaka."