Robar da Ya Kiyari Bai Yanka Ba

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne wana, Ya Kiyari, a nan Diffa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo ana dafa abinci a gidansa, a kira malamai, a yi addu'a, a watse. Ban taɓa fashi ba. Bana na ga addu'a kaɗai ba ta isa ba, domin akwai wata magana da ke bin sunansa a tasha, kuma ni ne sanadinta.

Wanda ya saba shiga tashar motoci ta garin nan ya san maganar. Idan mota ta shigo tana kaɗawa, gilasai na ƙara, ƙofofi na rawa, sai ka ji wani direba ya ce, "Wannan Kiyari ya taɓa ta." A yi dariya. Yawancin masu faɗa ba su taɓa ganinsa ba, wasu ma ba su san sunan mutum ba ne. Maganar ƙarya ce. Zan faɗi yadda aka yi tun daga farko, bi da bi.

Ya Kiyari ba bakaniken da ke buɗe inji ba ne. Aikinsa ɗaya ne, roba. Injin mota ba a kan ƙarfe tsirara yake zaune ba. Akwai dunƙulen roba tsakaninsa da shasi, biyu a gefe da gefe, ɗaya a ƙarƙashin giyabos. Akwai kuma ƙananan robobi a idon sifirin, waɗanda ake kira bushin. Su yake yankawa da hannu daga tsofaffin tayoyi, a wata rumfa bayan tasha. Tayar tirela daban, ta tarakta daban, ta ƙaramar mota daban. Da farcen babban yatsa yake danna roba ya san taurinta.

Kowace iri da halinta. Idan roba ta yi laushi, mota takan yi daɗin zama, amma da ka taka totur inji sai ya karkata kafin ƙarfinsa ya isa ƙafafu, kuma a cikin rairayi wannan ɗan jinkirin kan sa mota ta nutse. Idan ta yi tauri, mota tana amsawa nan take, sai dai girgiza ta bi shasi ta shiga ko'ina. Ya Kiyari ba ya ƙin tauri, ba ya ƙin laushi. Tambaya uku yake yi kafin ya ɗauki wuƙa: wace hanya motar ke bi, wane kaya take ɗauka, wa ke zama a ciki. Ta ukun ce ke ba direbobi haushi. Yakan ce girgizar inji ba ta ɓacewa, dole wani ya sha ta, ko roba, ko ƙarfe, ko ƙashin bayan mutum. Idan ya gama aiki sai ya ɗora kofin shayi a kan murfin inji, a tada mota, ya tsaya yana kallon fuskar shayin. In ta yi rawa fiye da yadda yake so, sai a sake kwancewa.

Ni firamare kawai na gama, na shiga tuƙi. Tattasai nake ɗaukowa daga ƙauyenmu na bakin kogin Komadugu zuwa kasuwa. A wannan sana'a wanda ya riga isa shi ke samun fatake hannunsu a buɗe. A shekarar da abin ya faru na sayi wata katkat ta hannu, irin motar da ke ja da ƙafa huɗu, mai inji mai ƙarfi, amma akwai wani direba ɗan Maraɗi, Isufu, wanda kullum yake wuce ni a wurin rairayi yana ɗaga mini hannu. Sai na je rumfar wana.

Na ce, "Yaya, mafi tauri nake so. Inji, giyabos, sifirin, duka."

Ya ce, "Wace hanya?"

"Ka san hanyata."

"Wane kaya?"

"Tattasai."

"Wa ke zama a ciki?"

Na ce, "Ni kaɗai ne, Yaya. Buhu ba ya ƙorafi."

Ya ce, "To matarka da ta zo awo makon jiya, a kan jaki ta zo?"

Mutanen rumfa suka yi dariya. Ya ce zai ƙara mini tauri kaɗan a ta giyabos, sauran a bar su yadda suke. Na tashi na tafi ban yi sallama ba.

Bayan mako biyu na kai kaya Damagaram. A can na sami wani mai walda ya cire robobin duka, ya sa dunƙulen ƙarfe a ƙarƙashin inji, wurin da ake kira ƙafar inji, ya cusa guntun bututu a idon sifirin. Ya ce haka masu tseren mota ke yi a ƙasashen waje. Ban yi shakka ba ko kaɗan. Mu mutanen bakin kogi mun tashi muna ganin injin ban-ruwa a ɗaure tam a kan katako, in ya motsa sai a ƙara ɗaure shi. A ganinmu abin da ke motsi sakaci ne, abin da ya ƙame shi ne aiki. Ban tsaya na tuna cewa ba wanda ke zama a kan injin ban-ruwa ba.

Gaskiya motar ta tashi. Ka taɓa totur ta zabura. Na wuce Isufu a rairayi, na ɗaga masa hannu. Wata ɗaya na yi ina jin daɗi. Daga nan madubi ya faɗi. Bayansa salansa ta tsage. Lagireto ya soma ɗiga. Sitiyari na kashe mini hannu, in na sauka sai na daɗe ban iya riƙe buta ba. Ko a tsaye take, inji na aiki, kana jin ta daga bakin titi.

Ba wanda ya san na je wurin mai walda. Kowa ya ɗauka aikin wana ne, domin ina ƙane zai kai mota in ba wurin wansa ba? Wata rana da hantsi, rumfa cike da mutane, Isufu ya ce, "Malam Kiyari, ƙanenka da dutse ka yi masa aiki? Ka gaya mana mu san inda za mu kai namu." Ina zaune a kan benci da kofin shayi a hannu. Ya Kiyari ya dube ni sau ɗaya, ya mai da kansa kan tayar da yake yanka, ya ce, "Motar gidanmu ce." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni kuwa na sha shayina.

Na sha auna dalilin shiruna, kuma ba ni da wanda zan kare kaina da shi. Kunya ce ta farko, a ce na tsallake wana na kai aiki hannun baƙo. Sannan ina riga kowa isa kasuwa, ba na son a cire ƙarfen. Ga kuma abin da ke cin mai laifi, wato gobe zan faɗa. Da yamma Ya Kiyari ya same ni ni kaɗai ya ce, "Mele, kawo ta in gyara, ba wanda zai ji." Tun ranar da na dawo daga Damagaram ya gane, da kunne kawai. Na ce sai an gama kakar tattasai. A watannin nan ina kallo motoci suka rage tsayawa a rumfarsa.

Ba a gama kakar ba. Wata safiya yana gonarsa a ƙauye yana ban-ruwa ciki ya murɗe masa, ya faɗi a bakin kwari. Babu wata mota a ƙauyen sai tawa. Muka shimfiɗa tabarma a baya muka kwantar da shi, babban ɗansa Bukar, wanda ya kai shekara ashirin a lokacin, ya riƙe masa kai. Hanyar gargada ce har a hau kwalta. In na rage gudu lokaci na tafiya, in na ƙara ina jin nishinsa ta cikin ƙarfe. Babu roba ko ɗaya tsakaninsa da hanyar nan, kuma ni na cire su.

A shingen jandarma na sauko na zagaya wurinsa. Fuskarsa duk gumi. Ya ce, "Mele, ƙafar inji ta hagu ta tsage. Tun ƙauye nake jin ta."

Na ce, "Yaya, ka yi shiru, mun kusa."

Ya ce, "Ka bi a hankali a kwana. In ta ɓalle a nan za mu wuni."

Daga baya na duba, ta hagun ce kuwa. An yi masa aiki a asibiti, washegari da azahar ya cika. Likita ya ce hanji ne ya murɗe, kuma tun kwanaki abin ke ci, hanya ba ta da laifi. Sau biyu na tambaye shi, sau biyu ya faɗi haka. Ban san ko na yarda ba har yau. Amma mutane sun ga motar da aka kawo shi ciki, sun ji ƙararta a ƙofar asibiti. A wurin zaman makoki na ji wani yana raɗa cewa aikin hannunsa ne ya girgiza shi har lahira. Ina zaune a kan tabarma ina karɓar gaisuwa. Nan ma na bar maganar ta wuce. Na sayar da motar a wani gari, na ɗauka maganar za ta mutu. Sai ta zama abin dariya a tasha.

Nakan tambayi kaina me zai ce da Diffa ta yau. Gonar da ya faɗi a ciki ba mai zuwa yanzu, tun da rikici ya tashi mutanen bakin kogi. Mutanen ƙauyenmu sun yi shekaru a rumfuna a gefen kwalta wajen Assaga. Inda rumfarsa take wani ke cajin waya. Motocin ƙungiyoyin agaji masu zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Sayam ba sa neman mai yanka taya, kayan gyaransu a kwali suke zuwa. Samarin gari kuma sun gano bushin na zamani, ja da rawaya, masu taurin ƙaho. A waya suke ganinsu, da launi suke zaɓa, su sa wa motocin da suke wasa da su ranar biki. Ba na jin zai zage su. Mutum ne mai son kaya mai kyau. Zai danna farce, ya jinjina kai, ya ce ga mai juya mota a fili shi kaɗai, wannan daidai ne. Abin da ba zai jure ba shi ne ganin irinsu a ƙarƙashin tsofaffin motocin haya da ke kwaso mata da tsofaffi daga sansani zuwa asibiti, don kawai ba sa saurin cinyewa. Na shiga irin motocin nan. Na ga tsohuwa ta riƙe ƙugu tun daga tashi har sauka. Ba wanda ya tambayi direban komai.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an gama sadaka, na kira Bukar gefe. Yanzu magidanci ne, direba a ɗaya daga ƙungiyoyin nan. Na faɗa masa komai yadda na rubuta a nan, Damagaram, mai walda, ranar Isufu. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Mun sani, Baba."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun kafin ya kwanta. Ya gaya wa Inna, ni ma ina wurin. Ya ce kada wanda ya faɗa a waje, kai za ka faɗa da bakinka, ba ya son a ji daga gidansa. Inna duk shekara in an yi sadaka takan ce bana Mele zai yi magana."

Mahaifiyarsa ta rasu shekara uku da suka wuce. Sadaka tara ta zuba mini abinci da hannunta, ta tambaye ni iyali, na ce lafiya, na ci na tashi.

Idan na auna abin da ya rage na Ya Kiyari, ba shi da yawa. Wuƙaƙensa sun watse. Bai bar wanda ya gaji aikin ba, Bukar ya bar rumfa tun da aka fara dariyar. Tsofaffin direbobi biyu ko uku ne suka san hannunsa, su ma sun ajiye tuƙi. Abin da ya tsaya cif shi ne maganar da ya bar wa gidansa. Shekara goma sha biyu suna jin ana wasa da sunan ubansu, suna da amsa a baki, ba su faɗa ba, saboda ya ce a jira ni. Ya yi mini kyakkyawan zato, kuma ban cancanta ba.

Na nuna wa Bukar takardar nan kafin in aika. Ya karanta a tsaye, ya ninke, ya miƙo mini. Ya ce, "Ta yi kyau, Baba. Amma direbobi ba sa karanta jarida."

Gaskiyarsa. Saboda haka ranar kasuwa mai zuwa, ƙarfe goma na safe, lokacin da tasha ta fi cika, zan tsaya a gaban teburin masu lodi in faɗa da bakina. Isufu yana nan da rai, na aika masa ya zo. Bukar ya ce zai zo ya ɗauke ni. Na ce ya bari, da ƙafa zan je.