Allurar da Na Ɗage wa Karenmu

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina son rubuto abin da ya same ni, kunya ce take riƙe mani hannu. A lokacin ni uwar ɗiya huɗu ce a wata unguwa ta bakin gari a Faskari, ina sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Maigidana direban babbar mota ne mai kai hatsi kudu, wani lokaci sai ya yi makonni bai kwana gida ba. Gidanmu shi ne na ƙarshe kafin gonaki, kuma kowa ya san zaman ɗar-ɗar da ake yi a yankinmu shekarun nan. Shi ya sa da ƙanen maigidana, wanda ke farauta a Sabuwa, ya zo mana da ɗan kwikwiyo baƙi a cikin kwali, ban musa ba. Yara suka sa mashi suna Duna. Na ce a raina, kyauta ce, kuma kare me yake ci in ban da ragowar tuwo?

Ashe ban san komai ba. Kafin ya shekara ya zama ƙaton kare, ragowar tuwo ta daina isar shi, sai da na riƙa ƙara gari a tukunya saboda shi. Ranar kasuwa a sayo mashi ƙashi da tarkacen nama wurin mahauta. Aka yi mashi rumfa a bayan zaure, aka sayi sarƙa da kwanonsa na daban, don ba na son ya kusanci kayan girki da wurin salla. Damina na kamawa sai kaska ta lulluɓe mashi kunnuwa, a sayi magani a wanke shi. Can kuma sai tsutsar ciki ta ramar da shi, a sake kiran malamin dabbobi da ke duba mana awaki. Shi ne ya gaya mani cewa akwai allurar rigakafin haukan kare, kuma ba sau ɗaya ake yi a huta ba, duk shekara ce. Shekarar farko aka yi, ta biyu ma aka yi. Ban yi baƙin cikin kuɗin ba a lokacin, don Duna ya biya mu. Satar kaji da awaki ta ƙare a layinmu, ni kuma na samu barci ko maigida ba ya nan. Idan yara za su makaranta sai ya raka su har bakin titi ya dawo ya kwanta ƙofar gida.

A shekara ta ukku abinci ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Gyaɗa ta tashi, ribar ƙuli ta koma ba a bakin komai ba, ga kuɗin makarantar yara. Kafin maigidana ya yi wata tafiya ya ba ni kuɗin allurar Duna a hannu, ya ce in kira malamin dabbobi. Na dubi kuɗin, na dubi karen yana tsalle lafiya lau, sai na ƙara su a jarin gyaɗa da niyyar in na sayar da mai zan mayar. Da ya bugo waya ya tambaya, na ce za a yi. Wata ya wuce, wani ya bi bayan shi, har maganar ta fita a raina. Abincin ma na rage mashi, don a gidan da yara ke lashe kwano babu sauran ragowa. Sai na riƙa kwance shi da rana ya je ya nemi na bakinsa. Can wajen kwatar mahauta yake zuwa, inda karnukan da ba su da masu su ke taruwa. Wata rana ya dawo da kunne a yage, jini ya bushe a wuyansa. Na sa aka shafa mashi toka, na ce faɗan karnuka ne, zai warke.

Bayan 'yan makonni halinsa ya canza. Ya daina raka yara, ya koma ƙarƙashin rumbu yana ɓoyo, haushinsa ya dushe, miyau na dalala a bakinsa. Na ɗauka zafin bazara ne.

Maƙwabcinmu na jikin katanga wani malamin Islamiyya ne, mutum mai sanyin hali. Tun farko bai so zaman karen ba, ya taɓa yi wa maigidana magana sau ɗaya a kan haka, bai sake ba. Shi da matarsa sun daɗe ba su samu haihuwa ba, sai daga baya Allah ya ba su ɗiya mace guda, ita ke nan gare su. Lokacin ba ta wuce shekara bakwai ba, kuma ta saba da Duna kamar yarana. Wata hantsi uwarta ta aiko ta sayen ƙuli. Ina tsakar gida ina matsar mai sai na ji ihunta a zaure. Na fito na ishe ya kafa mata haƙora a ƙwauri, idanunsa kamar ba nasa ba. Da muciyar da ke hannuna na raba su. Wasu maza da ke wucewa suka taimaka aka jefa mashi igiya, aka ɗaure shi a jikin bishiyar darbejiya.

Nan take na kira malamin dabbobi. Tambayar farko da ya yi mani ita ce ko an yi allurar bana a wani wuri, tunda shi dai ban kira shi ba. Na ce mashi ba a yi ba. Ya ce maza a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, a daɗe ana wankewa, sannan a kai ta asibiti a nemi allurar da ake yi wa wanda kare ya ciza, kada a bari a kwana. Ya ce kada kowa ya kusanci karen. Ya kuma gaya mani cewa idan ciwon haukan kare ya riga ya bayyana a jikin mutum, ba a cika tashi ba.

Mata sun cika gidan, kowa da tata shawarar. Wata tsohuwa ta ce a yanko gashin karen a ƙona a shafa a ciwon, wai haka ake yi tun zamanin iyaye. Uwar yarinyar tana rungume da ita tana kuka, ko kallona ba ta yi ba. Da Malam ya iso daga makaranta na durƙusa gabansa na faɗa mashi gaskiya duka, har da kuɗin da na karkatar. Na zaci zai kai ni gaban mai unguwa ko wurin hukuma, kuma da ya yi haka bai zalunce ni ba. Sai ya ce, "Baiwar Allah, tashi. Ba yau ce ranar neman mai laifi ba. Taimaka mani mu nemi allurar nan." Har in koma ga Allah ba zan manta da wannan magana ba.

A asibitin da muka fara zuwa an wanke ciwon an ba ta magani, amma suka ce allurar ta ƙare masu. Muka shiga buge-bugen waya. Daga ƙarshe wani abokin karatun Malam da ke da shagon magani a Ƙanƙara ya ce ya samo, yana ajiye da ita cikin sanyi. Hanyar kuwa kowa yana tsoronta a lokacin. Malam ya ɗauki ɗiyarsa a kafaɗa suka shiga mota, ni na bi su, don ba zan iya zama gida ba. Da muka isa aka faɗa mana kuɗin. Allurar ba ɗaya ba ce, sai an yi ta komawa a ranakun da aka tsara, kuma kowace guda ta fi kuɗin da na hana Duna nesa ba kusa ba. Na sayar da awakina, na sayar da gyaɗar da na yi jari da ita a kan asara. Maigidana ya turo abin da ke hannunsa daga kan hanya. Bai zage ni ba, ya dai ce in ji tsoron Allah, wannan kuma ya fi mani zagi ciwo. Abin da ya rage Malam ya ce shi zai cika, na roƙe shi ya bar mani, ya ƙi.

Duna bai daɗe ba. Yana ɗaure yana cizon itace da ƙasa, ruwa ma ya kasa sha, har ƙafafunsa na baya suka mutu. Malamin dabbobi ya zo ya sauwaƙa mashi, ya sa aka haƙa rami mai zurfi aka binne shi, aka ƙona rumfar da igiyar. Ya bincika yarana ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda ya yaƙusa ko ya lasa a kan ciwo, Allah ya tsare babu. Yaran sun yi kuka. Ni ma na yi, a ɓoye, don ina ganin ba ni da bakin yi a fili.

Abin da ya fi wahala shi ne jira. An gama allurai, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Duk lokacin da na ji tarin yarinyar ta katanga sai in kasa kunne. In na gan ta za ta sha ruwa sai in tsaya cak ina kallon maƙogwaronta har ta haɗiye. Uwarta ta daina shigowa gidana, in mun haɗu a biki ko suna sai ta amsa gaisuwa ta kau da kai, ban kuma ga laifinta ba. Haka muka ci damina. Da kaka ta yi, wata yamma sai ga ta ta yi sallama da kwanon ɗanyar kuɓewa daga gonarsu, yarinyar na biye da ita tana tsalle. Ta zauna bakin tabarmata ta ce ita ma ta gaji da wannan zaman, Allah ya riga ya rufa mana asiri, a bar maganar. Na riƙe hannunta.

Yau yarinyar tana makarantar sakandare, lafiyarta ƙalau, sai ɗan tabo a ƙafa. Ina gode wa Allah da ya ba ni maƙwabta irin waɗannan, ina kuma gode wa mutumin Ƙanƙara da ya tashi tsaye a kan ɗiyar da ba tasa ba.

'Yan'uwa, ba ina cewa kada ku ajiye dabba ba. Amma kafin ku karɓi kwikwiyo ko kyanwa ko tattabaru don an ba ku kyauta ko don yara sun yi sha'awa, ku zauna ku yi tunanin shekara guda cur: cinsu a lokacin da hatsi ya yi tsada, maganinsu, rigakafinsu, da wanda zai kula da su in kun shiga matsi. In kun ga ba za ku iya ba, ku ce a kai kasuwa, babu kunya a ciki. Dabba ba ta da bakin da za ta tuna maku cewa lokacin allurarta ya yi, kuma abin da kuka tauye mata ba lallai ya tsaya a gidanku ba. Malam da matarsa sun yafe mani, maigidana ma ya yafe. Saura guda ɗaya da ba ni da hanyar neman yafiyarsa. Ya tsare mani gida iyakar ƙarfinsa, ni ban tsare shi ba. Har yau in na idar da salla ina roƙon Allah ya yafe mani haƙƙin karen nan.