Bagirken da Zane Ya Gagara

Tun da Girkawa suka ci mu da yaƙi a bakin kogin Witasta ruwan sama bai ɗauke ba, kamar shi zai rama mana. Ga ɗayansu nan tsaye a kasuwa, tsohon soja mai furfura, ƙafafu a kumbure. Rigar ƙasarsu ta ruɓe, ya sayi zane irin na mazanmu, ɗaurawa ta gagara. Yana naɗa nan, can yana zamewa. Hannu ɗaya na riƙe da mashi, ɗayan na tallafe da mutuncinsa. Wataƙila rabonsa da mai gyara masa tufa tun gemun nan yana baƙi.

Inna Rohini mai zannuwa, wadda yaƙin ya ci ƙanenta, ta gaji da kallo. Ta fizgo shi, ta tamke masa ƙugu har ya yi nishi.

"Kun kayar da giwayenmu na yaƙi, zane ya kayar da ku! To yaro, kar ka kwance sai ka isa gidanku."

Ya gyaɗa kai, bai ji ko kalma ba, don bai san yarenmu ba. Gidan nasu yana yamma. Ƙahon yaƙin da ake busawa a sansaninsu kuwa gabas yake kiransu.