Ranar da Kaka Ta Miƙo Mani Taɓarya

Ko zan manta komai na shekarar aurena, ranar da kakar maigidana ta miƙo mani taɓarya ba za ta fita raina ba.

Daga Ƙanƙara aka kai ni Sheme, kaina cike da littattafan soyayya. A cikinsu amarya ba ta taɓa tsintsiya, tana kwance bisa lallausan gado tana ƙamshi, tana jiran angonta. Na faɗa wa maigidana haka nake so. Don ƙaunar da yake mani ya ce ko ludayi kada in ɗauka, ƙannensa mata za su yi komai.

Wata biyu ina kwance, amma kullum sai in tashi kamar wadda ta wuni noma. Jikina ya yi nauyi, abinci ya fita raina, in ya shigo da fara'arsa hamma ce ke tarbarsa. Aka kai ni asibiti a Faskari, aka auna jini, aka ce lafiya lau. Nan zuciyarsa ta karaya. Na jiyo shi yana cewa, "Kaka, ina jin ba ta son zama da ni ne. Jibi zan maida ta gida, kada in cuce ta."

Na sha kuka, don Allah Ya sani ina sonsa kamar raina.

Washegari da hantsi matan gidan na sussukar dawa, sai tsohuwar ta ɗaga labulena.

"Ke 'yar gata, mi ke maki ciwo?"

"Gajiya, Kaka."

"Gajiyar mi? Katifar nan ce ya kamata ta koka, ita ke ɗauke da ke. Taso, amshi nan."

Kunya ta sa na karɓi taɓaryar da ta miƙo mani. Bugun farko na kuskure turmi, matan suka fashe da dariya. "A hankali amarya, ƙasar ba ta yi maki laifi ba!" Na ciji leɓe na ci gaba. Suka soma lugude, ana cilla taɓarya sama ana tafi, ban san lokacin da na shiga sahu ba. Gumi ya karyo mani, ƙirjina na bugawa, na ji kamar an buɗe mani taga a cikin kai. Ranar malmala biyu na tashi da ita.

Da maigidana ya dawo daga gona ya tarar da ni ƙaiƙayi har gira, ina ƙyalƙyala dariya. Ya tsaya baki sake.

Kaka ta ce, "To Malam, ga wadda za ka maida. Jininta ne ya kwanta don ta kwanta."

Ba a sake tada zancen tafiya ba.

Allah Ya jiƙan wannan tsohuwa, ita ta riƙe mani aurena. A hannunta na gane cewa motsi ne ke tada jini, ya kawo yunwa da barci mai daɗi, zama kuwa cinye ƙarfin mutum yake a hankali. Har yau in kasala ta taso mani, ba gado nake nema ba, aiki nake nema.